Karkataccen Huɗun Kakana

Allah da ya ba mu kakana ya karɓi abinsa ranar wata Talata kafin la'asar, a ɗakinsa da ke Mahjar, nan Jidda. Tsufa ne kawai, babu wata doguwar jinya. Aka yi masa salla, aka kai shi makwancinsa, aka dawo aka jera kujeru a bakin titi don zaman aza, wato karɓar gaisuwar kwana uku yadda ake yi a garin nan. Maza suna ƙasa, mu mata muna sama, ana ta zagayawa da gahwa da dabino.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya rubuta allon da ake kafawa a bakin lungu don baƙi su gane gidan. Ya samu kwali ya rubuta "aza" da Larabci, ya ja kibiya. Cikin ruɗewa ya manta ɗigon da ke kan harafi na biyu. To idan babu ɗigon nan, kalmar ta koma "ara", wato fili fetal da babu kowa a cikinsa. Mutane suka yi ta wucewa ba wanda ya kula, sai da aminin Kaka ya iso, wani dattijo da muke kira Baba na Zariya. Ina kallonsa ta taga. Ya tsaya gaban kwalin, ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Wa ya rubuta wannan?"

Kawu ya taso da sauri. "Ni ne, Baba."

"Kai kuwa ɗan marigayi ne? Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana faɗa a kan ɗigo, shi za ka sallama da allo marar ɗigo? Yalla, kawo alƙalamin nan kafin ya taso ya same mu."

Sai dariya ta ɓarke a layin kujeru. Har limamin masallacinmu na gani ya ja gefen mayafinsa ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. A sama gwaggona ta ɗaure fuska ta ce, "Subhanallahi, gidan mutuwa ne fa." Kakata mace, wadda muke kira Habboba kamar yadda 'yan Sudan ke yi, ta tambayi abin da ya faru. Da aka faɗa mata sai ta yi dariya har hawayen kuka da na dariya suka gauraye mata.

"Ku bar su su yi," in ji ta. "Da yana nan ma ba zai yarda da ɗigon gyara ba. Sai an sauke kwalin an rubuta sabo."

Daga nan bakin kowa ya buɗe. Wani Bayamane mai kanti ya ce Kaka ya taɓa zuwa da tsani da gwangwanin fenti ya gyara masa allon shago ba tare da ya tambaye shi ba, wai harafi ɗaya yana hana shi cin abinci. Wata mata 'yar Chadi ta ce ita har takardar gayyar bikin 'yarta ya dawo mata da ita da jan zane a ƙarƙashin kalmomi biyu, sannan ya zo bikin ya fi kowa cin nama. Kwana uku ana haka. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani, don 'ya'yanmu da aka haifa a nan, waɗanda Hausar ma jinta suke yi ba sa iya mayarwa, kada su tashi suna zaton wani tsoho ne kawai mai wasa da kayan yara.

A Atbara aka haife shi, garin jirgin ƙasa na Sudan, cikin Hausawan da iyayensu suka taso da niyyar hajji suka yada zango a can. Mahaifinsa mai fenti ne a warsha, babban wurin da ake gyaran kawunan jirgi. Shi ke shafa musu launi, shi ke rubuta musu lamba. Kaka ya gaji hannun, amma bai gaji wurin aikin ba. Yana saurayi ya ƙetaro teku ya zo Jidda, ya samu aiki a tashar jiragen ruwa, yana rubuta lambobi a ƙofofin sito da jikin manyan akwatuna da ƙananan jiragen da ke jan manya. A iƙamarsa, wato katin izinin zama a ƙasar, an rubuta sana'arsa "mai fenti", abin kuma yana ci masa rai. Duk lokacin sabuntawa sai ya ce wa kafilinsa, ubangidan da ke tsaya masa a kan takardun zama, "Ni marubuci ne. Mai fenti bango yake shafawa." Kafilin ya ce, "Halas, ya hajj, baɗi za a gyara." Har ya bar aiki ba a gyara ba.

Bayan ya ajiye aiki ne abin ya same shi. Wata rana yana wucewa ta wani shagon kayan wasa a unguwar Bani Malik ya hango ƙaramin kan jirgin ƙasa mai hayaƙi a cikin gilashi, tsawonsa bai wuce tafin hannu biyu ba. Siffarsa sak irin waɗanda ya tashi yana gani. Amma an shafe shi da kore mai ƙyalli, an rubuta masa lamba da ruwan zinare. Habboba ta ce ya shigo gida da kwalin a hammata yana huci kamar an zage shi.

"Na ce, Alhaji, jikan wa ka sayo wa? Ya ce ba na kowa ba ne, ceto shi na yi. Ƙarya aka yi masa."

A ranar ya kankare koren nan tas. Daga nan ɗakin da ke saman bene, inda ake ajiye tsofaffin katifu, ya zama warsharsa. Wasu jiragen Kawu ke yi masa odarsu ta waya, wasu shi ke ƙera su da gwangwanin madara da waya da guntun tagulla. Ba ya kunna su su zagaya, gudu bai dame shi ba. Abin da ya dame shi launi da rubutu: ja a inda ja yake, lamba a daidai tsayin da take, da Larabci a wannan wuri, da boko a wancan. Kofunan shayin Habboba ɗaya bayan ɗaya suka hau sama suka zama mahaɗin fenti. Burushin kanti bai yi masa siriri ba, don haka kowace babbar salla, kafin a yanka rago, sai ya bi shi da almakashi ya ɗebi gashin da ya yi masa. Wata shekara da ragon ya zo da gashi mai kauri, magen maƙwabta ce ta biya.

Idan ka ce masa, "Kaka, ai wannan ja ne, wancan ma ja ne," sai ya ce, "Kai ma mutum ne, ni ma mutum ne. Je ka karɓi iƙamata ka fita da ita mu gani."

Shi da Baba na Zariya kuwa, faɗansu ya girmi wasu jikokin gidan. Baba ɗan ma'aikacin jirgi ne shi ma, mahaifinsa ke zuba wa inji kwal a layin Najeriya. Ranar da ya fara hawa sama ya ga babban jirgin Kaka, wanda ya fi so, an shafe shi da shuɗi, sai ya riƙe ciki yana dariya.

"Malam, kan jirgi ne wannan ko randar amarya? Abin da ke cin wuta yana aman hayaƙi, wa zai yi masa shuɗi? Baƙi ne. Ko'ina a duniya baƙi ne."

"Duniyar taka daga Zariya ta fara, a Kaduna ta ƙare," in ji Kaka. "Namu shuɗi ne. Na taɓa shi da hannuna fentin bai bushe ba, na sha mari a kai."

Duk Juma'a bayan masallaci sai sun tayar da maganar. Wata rana Kaka ya samo tsohon hoton jirgin daga wani ɗan uwa a Sudan, ya aika a kira Baba da gaggawa. Baba ya zo, ya duba hoton, ya ɗago kai a hankali.

"Malam, hoton nan ai baƙi da fari ne."

"To ba ka ga baƙin nasa bai kai baƙi ba? Shuɗi ke nan!"

Habboba ta ce ranar sai da ta hau da kanta ta raba su da farantin sambusa.

Amma shekarar da matar Baba ta rasu ya daina fita, ya daina ko musu, sai Kaka ya soma zuwa gidansa da ɗan littafi. Ba ya yi masa wa'azi. Tambaya kawai yake yi. Jirgin da mahaifinka ke aiki a kai, sunan wane kogi aka rubuta masa a gefe? Allon sunan a miƙe yake ko a lanƙwashe? Harufan ja ne bayansu ko baƙi? Da farko Baba amsa ɗaiɗai yake bayarwa. Daga baya ya soma gyara zama, yana cewa, "A'a, ba haka ba, kawo in zana maka." Wata da watanni suna haka. Ranar da Kaka ya kai masa jirgin da ya ƙera masa, a naɗe cikin tawul, baƙi ƙirin, da sunan kogin a kan jan allo, Baba ya juya shi gaba da baya. Can ya ce, "Ya cika tsabta. Na babana bai taɓa yin tsabta haka ba."

Kaka bai yi musu ba. Ya shiga kicin ɗin mutane ya shafo baƙin gindin tukunya a yatsa, ya zo ya murza a bakin bututun hayaƙi da wajen ƙofar da ake zuba kwal. Baba ya karɓa ya rungume shi a ƙirji ya ce, "Yanzu ya zama shi." Juma'ar da ta biyo ya dawo saman bene, ya dubi shuɗin jirgi ya ce har yanzu randar amarya ce. Kaka ya sauko yana murna ya ce wa Habboba, "Ya warke."

Ni kuwa tawa ta same ni ne ta hanyar son gwaninta. Ni ce jikarsa ta fari, amarya yake kirana, ni kuma ina ce masa angon da ba ya kawo kayan shayi. Na karanci zane, ina aiki a wani wurin buga alluna da sitika. Lokacin hannunsa ya fara rawa, cokali ma sai ya yi da gaske yake kai shi baki. Wata rana na hau sama na tarar ba ya nan, ya tafi asibiti auna jini shi da Kawu. Na tsaya ina kallon shuɗin jirgin nan. Lambarsa tana da huɗu a tsakiya, huɗun Larabci mai kama da ukun boko da aka juya. Sauran lambobin a tsaye suke cak, amma huɗun ya kwanta baya kamar mai neman wurin zama. Tausayi ya kama ni. Na ce a raina tsufa ne ya karkatar masa da hannu, shi da ba ya ƙaunar kuskure, kullum yana kallon wannan yana jin kunya.

Na auna, na ɗauki hoto, na je wurin aiki na buga lambar a siririyar sitika, miƙaƙƙiya, babu inda za ka kushe. Na dawo na sa auduga da ruwan wanke fenti na goge tasa, na manna tawa. Na sauko na zauna ina jiran yabo.

Ya dawo, ya yi salla, ya hau sama. Shiru. Ba mu ji ya ƙwala kira ba, ba mu ji faɗa ba. Da ya sauko idonsa ya yi ja. Ya dube ni ya kira ni da sunana na yanka, abin da ban taɓa ji a bakinsa ba.

"Ke kika taɓa?"

"Ni ce, Kaka. Na ga huɗun ya karkace ne, na ce bari in hutar da kai."

Ya gyaɗa kai ya shige ɗaki. Kwana huɗu bai hau sama ba, bai kuma kira ni amarya ba. In na gaishe shi sai ya amsa da ladabi kamar baƙuwa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. A rana ta biyar Habboba ta ja ni har gabansa ta ce, "Alhaji, ko ka faɗa mata ko ni in faɗa. Yarinya tana ramewa."

Ya dubi tafin hannunsa.

"Babana bahago ne," ya ce. "Bai yi makaranta ba, siffar lamba kawai ya haddace. Duk sauran suna fita masa daidai, amma huɗu, saboda yadda yake jan burushi daga hagu, kullum sai ya kwanta baya. An yi an yi ya gyara, abin ya ƙi, har aka ƙyale shi. Direbobi suna hango huɗun nan su ce wannan ya bi ta hannun Bahaushe. Ina yaro nakan tsaya a bakin layi in jira. In jirgi ya taho da kwantaccen huɗu sai in yi ta tsalle ina gaya wa yara, na babana ne, na babana ne. Ba mu da hotonsa ko ɗaya. Wannan huɗun sau nawa na goge na sake kafin ya fito irin nasa, lokacin hannuna yana jin magana. Yanzu dubi."

Ya ɗaga hannun, yana ta kaɗawa shi kaɗai.

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na ce ya yafe mini, na ce akwai hoton da na ɗauka, zan buga masa karkataccen sak yadda yake. Ya girgiza kai.

"Inji bai san babana ba. In za a mayar, hannu ne zai mayar." Sai na ga gefen bakinsa ya motsa. "Amarya, kina da hannun hagu?"

Haka na shiga makaranta da girmana. Kullum na taso aiki sai in hau sama, ya ba ni murfin gwangwani da burushin gashin rago, ya sa in ɓoye hannun dama a bayana. Ranar farko abin da na zana ya ce ƙadangare ne mota ta taka. Na mako na biyu ya ce wannan huɗu ne amma na mai ciwon baya. Da hannuna ya fara faɗawa sai ya ce, "Ya yi kyau da yawa. Ke karkatar da shi kike yi da gangan. Shi ƙoƙarin miƙar da shi yake yi, yana ƙi. Ki nemi miƙewa da gaske, ki bar hagun ya ci amanarki." Yana ba ni labarin mahaifinsa ina zane: yadda yake lasar bakin burushi, yadda yake waƙa ƙasa-ƙasa in aiki ya yi daɗi, yadda yake dawowa gida da shuɗi a gemu. Murafen gwangwani suka cika kwando. Habboba ta ce gidan ya koma shan madara dole don a samar mini allo.

Wata Asabar da hantsi ya duba murfin da na miƙa masa ta gilashinsa mai ƙara girma. Ya jawo shuɗin jirgin, ya ɓare sitikata da farce ya manna mini ita a goshi, ya tura jirgin gabana.

"Bismilla."

Na riƙe numfashi na ja. Huɗun ya sauka, ya kwanta baya kaɗan, kamar ya gaji da tafiya. Kaka ya kai fuskarsa kusa har hancinsa ya kusa taɓa fentin. Sai ya miƙe tsaye, tsoho mai sanda, ya leƙa ta matakala ya ƙwala wa Habboba kira da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"Hajiya! Hau ki gani! Na babana ne!"

Ta hau tana haki tana cewa gwiwoyinta za su kai shi ƙara. Ta duba, ita da ba ta taɓa ganin surukinta ba, ta ce wallahi kamarsu ɗaya. Ranar har tukuici ya ce zai ba ni a matsayin kayan shayin da na daɗe ina gori, ya kawo mini alawa guda biyu daga aljihu, ɗaya ma ya ce mu raba.

A watanninsa na ƙarshe aiki ɗaya ya rage masa, wani ƙaramin kan jirgi irin mai jera tarago a cikin tasha. Ni ke riƙe burushi, shi ke ba da umarni. Muka gama komai sai wani siririn layi da ke bin gefensa daga gaba zuwa baya. Nan ya tsaya. Ya ce ya manta ko fari ne ko rawaya. Na ce, "Kaka, mu sa fari mana, wa zai sani?" Ya ce, "Ni zan san ban sani ba." Ya kira tsofaffin Atbara biyu a waya, ɗaya ya ce fari, ɗaya ya ce shi bai ma tuna akwai layi ba. Aka bar wurin haka nan, da zanen fensir kawai.

Bayan an share makoki, da muka rage mu kaɗai, Habboba ta kira ni ɗakinta ta ce akwai saƙona. Ranar da zai rasu, wajen azahar, ya buɗe ido ya kama hannunta, fuskarsa a sake kamar wanda aka yi wa albishir.

"Ya ce, Hajiya, ki faɗa wa amarya rawaya ne. Na gan shi yanzu yana fitowa daga warsha, rawaya ne. Na ce to, Alhaji, zan faɗa. Ya lumshe ido. Can sai ya sake matsa hannuna ya ce, a'a, dakata. Wataƙila rana ce ta haske shi. Ku bari in ƙara dubawa."

Ta share ido da bakin mayafi tana murmushi. "Daga nan sai kalmar shahada. Yanzu ke ya za ki yi?"

Na ce, "Ai ya ce a bari ya ƙara dubawa."

Jirgin yana nan a saman bene da layinsa na fensir, ba wanda zai taɓa shi. Allah ya jiƙan Kaka da mahaifinsa bahago, ya haskaka musu makwanci, ya haɗa su a inda babu mantuwa. Wanda duk ya karanta wannan, ya sa su a addu'a.